Minti Biyu da Rabi a Tudun Epsom: Yadda Na Halarci Sukuwar Derby

Doki sau ɗaya yake shiga sukuwar Derby a rayuwarsa. 'Yan shekara uku kaɗai ake karɓa, ingarma ko goɗiya, ban da dandaƙaƙƙe. Idan ya yi tari a makon, ko ya taka dutse ya wayi gari yana ɗingishi, shi ke nan, babu zancen a tari baɗi. Wannan ƙa'idar ce ta fara shiga raina, tun kafin in damu da dogayen huluna da 'yan gidan sarautar da ake nunawa a talabijin. Na tashi a Katsina, a gidan da ba a raba shi da doki a turke, na san irin lallaɓawar da ake yi wa duƙushi kafin ya zama abin hawa. A ce duk wannan wahalar an ɗora ta a kan minti biyu da rabi na yini guda, abin ya tsaya mini a rai. Da karatu ya kai ni Ingila na ƙudura cewa ba zan koma gida ba sai na gani da idona. Ta 2024 Allah ya nufa na halarta, ranar Asabar 1 ga Yuni, karo na 245 tun da aka fara a 1780.

Wani ƙanen mahaifiyata da ya daɗe a Landan shi ya yi mini jagora. Da na kai masa maganar tikiti sai ya ce in dakata tukuna.

"Ɗana, in ranar ce zuwanka na farko, mutane za ka gani, ba za ka ga filin ba. Mu je yanzu da babu kowa, ka taka da ƙafarka."

Hakan aka yi. Muka hau jirgin ƙasa daga tashar London Bridge, muka yi kudu na kusan awa guda, muka sauka a ƙarshen layi, tashar Tattenham Corner, wadda ke dab da shingen filin. Tudun Epsom fili ne da doka ta ba jama'a damar yawo a cikinsa da ƙafa, sai dai da safe ana motsa dawakai, saboda haka bayan azahar muka isa. Ba a taka ciyawar da ake tsere a kanta sai a mashigai, don haka gefen farin shinge muka bi, tun daga inda ake sakin dawakai har inda ake ƙarewa.

Nan na gane abin da Kawu yake nufi. Duk filin sukuwar da na sani shimfiɗaɗɗe ne. Na Epsom kuwa babu inda ya daidaita. Nisan tseren mil ɗaya da rabi ne, wajen mita 2,400, amma daga fitowa hawa ake yi, ana ɗan karkata dama, kuma kafin a kai ƙololuwar tudun an hau kimanin mita 40. Ni da nake tafiya a hankali sai da na tsaya na mayar da numfashi. Daga ƙololuwa sai hanya ta juya hagu ta fara gangara, gangara ta sosai, kuma a cikin gangarar nan ake shan kwanar da ake kira Tattenham. Dokin da bai iya tattara ƙafafunsa ba, nan yake warwatsewa, mahayi ya rasa yadda zai yi da shi. An fito daga kwana sai miƙaƙƙiyar hanya ta wajen mita 700, ita ma a karkace take: ƙasar ta kwanta zuwa shingen ciki, ta yadda duk dokin da ya gaji sai ya riƙa zamewa hagu yana matse na kusa da shi. Sannan dab da ƙarshe, daidai lokacin da ƙarfi ya ƙare, sai ƙasa ta sake ɗagawa.

Na ce, "Kawu, da kuɗin da suke da shi, me ya hana su baje wurin nan?"

Ya ce, "In suka baje shi, da me za su gwada dokin?"

Wannan amsar ita ce mabuɗin duk abin da na gani daga baya. Mai gudu kaɗai ba ya cin Derby, hawan farko zai cinye shi. Mai juriya kaɗai ma ba ya ci, za a bar shi a miƙaƙƙiya. Ana son dokin da ya haɗa gudu da juriya da daidaiton ƙafa da sanyin kai, domin ranar zai ratsa hayaniyar dubban mutane kafin ma a sake shi. Wanda ya haɗa waɗannan, shi ake so ya haifi na gaba.

A bakin kwanar Kawu ya nuna mini allon tunawa da Emily Davison, mai fafutukar samar wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, wadda ta kutsa ta ƙarƙashin shinge a Derby ta 1913, Anmer dokin Sarki George na Biyar ya banke ta, ta rasu bayan kwana huɗu. Na tsaya na dubi faɗin wurin, na auna irin gudun da doki yake zuwa da shi daga gangarar, jikina ya yi sanyi.

Maganar tikiti ba ta ɗauki lokaci ba, a intanet ake saye, amma sai mutum ya san ɓangaren da yake so. Tsakiyar filin, wurin da suke kira The Hill, kyauta ne ga mai shiga da ƙafa, kuma nan ne asalin taron talakawa: lilo, rumfunan abinci, dogayen motocin bas masu buɗaɗɗen sama da ake jerawa a bakin shinge, da iyalan Romani da suka gaji zuwa wurin kaka da kakanni. Ɗaya gefen akwai rumfar da aka sa wa sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu, mafi tsada. Tun 2023 masu filin suka sassauta dokar sutura a filayensu, amma suka bar ta a wannan rumfar ranar Derby: namiji sai da kwat mai jela da doguwar hula, ko kakin soja, ko cikakkiyar suturar ƙasarsa. Wato babbar riga da hula sun wadatar, kuma hakan ya yi mini daɗi. Aljihun ɗalibi dai bai kai can ba. Na sayi na babbar rumfar da ke maƙwabtaka da ita, saboda daga nan ana iya zuwa da'irar da ake zagayawa da dawakai kafin a hau su, ni kuwa abin da ya kai ni ke nan. Duk da ba a tilasta mini ba, na ciro shaddata na kai guga.

Kwanakin da suka rage na ƙarar da su a kan asalin dawakan, kuma nan ne abin ya fi kama ni. Duk dokin da ke wannan tsere sunansa yana cikin kundin asali da James Weatherby ya fara wallafawa a 1791, wanda danginsa ke riƙe da shi har yau, ko a cikin irinsa na wasu ƙasashe. In ka bi salsalar kowanne ta wajen uba, ɗayan ingarmu uku za ka tarar: Byerley Turk, wanda wani hafsan soja ya hau a yaƙi a ƙarshen ƙarni na 17; Darley Arabian, wanda aka sayo a Halab ta Siriya aka kawo Ingila a 1704; da Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Faransa ya iso wajen 1729. Mafi yawansu a yau ga na Halab suke komawa. Ba a rubuta duƙushi a kundin sai in ingarma ne ya hau goɗiya da kansa, ba a yarda da allurar ɗura iri ba. Kuma a wannan sashe na duniya duk ranar 1 ga Janairu ake ƙara musu shekara gaba ɗaya, shi ya sa masu kiwo suke so goɗiya ta haihu da wuri a shekara, kada ɗanta ya shiga tsere da waɗanda suka girme shi da watanni.

Dokin da kowa ke magana a kansa sunansa City of Troy, daga bargar Aidan O'Brien ta ƙasar Ailan. Ubansa Justify ya cinye manyan tseren Amurka uku a 2018. Uwarsa 'yar Galileo ce, wanda ya ci Derby a 2001 ya kuma haifi 'ya'ya biyar da suka ci bayansa. Yana ɗan shekara biyu sau uku ya fita, ba a taɓa shan gabansa ba. Amma a farkon Mayu, a tseren 2000 Guineas na Newmarket, sai ya zo na tara cikin goma sha ɗaya. Jaridu suka rabu biyu, wasu na cewa ya ƙare, wasu na cewa rana ce kawai ta ɓaci. A kan haka kuma, a Derby ya ciri na ɗaya cikin akwatunan da ake sakin dawakai, na jikin shinge, inda ake iya toshe doki ya rasa hanya.

Ina karanta waɗannan ina tuna wani kili da muka yi a gida ina yaro, wanda har yau in an yi hirar dawakai sai an ambace shi. Mun san daga hannun wanda aka saye shi, amma ban taɓa jin wanda ya san uwarsa ba, kuma da ya mutu labarinsa ya rage a bakin tsofaffi. Muna da ido a kan doki, ba na jin akwai wanda zai nuna wa tsohon shamaki yadda ake duba ƙirji da dunduniya. Rubutun ne ba mu yi, kuma wannan yana ci mini rai.

Ranar Asabar muka yi sammako. Jirgin ya cika maƙil tun daga Landan, mata da huluna masu gashin tsuntsu, maza da kwat, wasu da kwandunan abinci. Gari ya yi lumshi, an yi ruwa a kwanakin baya, an kuma sanar cewa ƙasar tana da ɗan laushi, abin da ke rage gudu ya ƙara wa mai juriya daraja. Kafin mu shiga ƙofa muka nemi gefe a kan ciyawa muka yi azahar, babu wanda ya ɗaga kai ya dube mu. A ƙofa aka duba jaka, aka haska tikiti a waya, na sayi ɗan littafin da ke ɗauke da sunan kowane doki, lambarsa, uwa da uba, mai shi, mai horarwa, mahayi da launin rigarsa. In babu wannan littafi, kallon ƙura kawai mutum zai yi.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Caca a wurin nan ba a gefe take ba, a tsakiya take. Gaban rumfa layi ne na masu karɓar kuɗi, kowanne da allonsa mai lambobi suna sauyawa, har ma kamfanin caca ne ke ɗaukar nauyin tseren. Giya kuma tun kafin rana ta take ake shan ta. Wani ya dafa kafaɗata cikin fara'a ya tambaye ni a kan wanne na zuba, na ce ban zuba ba, kallo na zo. Musulmin da zai je ya san da wannan tun daga gida, ya kuma san inda zai tsaya. Mu mun rabu da wajen allunan, muka koma bayan rumfa inda dawakai suke, kuma ban ji na rasa komai ba.

An yi wasu tseren kafin babban, ciki har da wani gajere na mita 1,000 da ake yi a gangara, wanda bai cika minti ɗaya ba. Tun ana cikin wanda ke gaban Derby Kawu ya ja hannuna muka je muka kama wuri a jikin shingen da'ira, don in aka jira sai bayan wuyan mutane za a gani.

Sai ga su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, goma sha shida, kowanne da mai riƙe masa linzami. A gida in an ce doki ya fito, kwalliya ake nufi: jalala, ɗan goshi, sirdi mai ado, har dokin ya ɓace a cikin kaya. Nan tsirara suke. Sirdin bai fi faifai ba, likkafa a ɗage can sama, babu ƙaimi. Fatar tana sheƙi, kana ganin jijiyoyi a kwance a wuya da cinya, ƙafafu dogaye sirara har mutum ya yi mamakin yadda suke ɗaukar wannan jiki. Wani ya wuce dab da ni, na ji hucinsa, na ga farin kumfa a tsakanin cinyoyinsa. Wani dattijo Bature da ke gefena ya girgiza kai ya ce wannan ya fara kashe ƙarfinsa tun ba a je ko'ina ba. Na ce masa mu ma haka muke dubawa. Daga nan hira ta ɓarke. Ya ce shi tafiya yake kallo, ko kofaton baya yana wuce sawun na gaba. Da City of Troy ya iso, ja mai duhu da baƙar geza, ba wani ƙato ba, yana tafiya cikin natsuwa, dattijon ya tuna mini cewa bara ma haka aka yi: Auguste Rodin na wannan bargar ya sha kashi a Guineas, ya zo nan ya ci.

Mahaya suka fito, ƙananan mutane marasa nauyi, domin kowane ingarma kilo 58 zai ɗauka, da mahayi da sirdi duka, kuma ana auna su kafin tsere da bayansa. Aka kaɗa ƙararrawa, aka ɗaga kowanne da ƙafa ɗaya ya faɗa kan sirdi. Muka yi sauri muka koma matakalar rumfa. Aka jera su suka wuce ta gabanmu, sannan suka yi ƙananan sukuwa zuwa can ƙetaren kwari inda akwatunan saki suke.

Ƙarfe huɗu da rabi aka buɗe. Ana fitowa wani doki mai suna Voyage ya yi tuntuɓe ya zubar da mahayinsa, ya ci gaba da gudu babu kowa a bayansa. Daga rumfa ɗigo-ɗigo ake hango su suna hawan tudu, sai a babban allo ake gane wane ne wane. Na nemi rigar Ryan Moore, mahayin City of Troy, shuɗiya mai duhu, na same ta a baya-baya a jikin shinge. Suka ɓace a ƙololuwa, suka ɓullo a gangara, hayaniya ta taso daga tsakiyar fili tana biyo su kwana-kwana har ta iso mu. Da suka miƙe, Los Angeles yana gaba, Ambiente Friendly yana tahowa ta waje mahayinsa ko motsi bai fara ba, na ce a raina wannan ya ci. Sai wata kafa ta buɗe ta ciki, Moore ya cusa dokinsa. Abin da na gani a daƙiƙun nan ba zan manta ba: City of Troy ya sauke wuya, ya tsawaita taku, ƙasa tana tashi a bayansa guntu-guntu, ga Voyage da sirdi babu mahayi yana gudu tare da su. Matakalar tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Ban san lokacin da na fara ihu da Hausa ba. Ya tsallake layi da tazarar tsawon doki kusan uku, Ambiente Friendly na biyu, Los Angeles na uku. Minti 2 da daƙiƙa 38. Bai ma yarda ya tsaya ba, sai da ya yi nisa Moore ya samu ya ja shi.

Kawu ya riƙe hannun rigata yana cewa, "Ka gani ko, ɗana? Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Kawu."

Wurin da ake shigar da wanda ya ci wata 'yar ƙaramar da'ira ce a gaban rumfar Sarauniya, doki ɗaya tak take ɗauka. Daga inda muke na hango shi yana haki, ana kwara masa ruwa, tururi na tashi daga bayansa. Nasara ta goma ke nan ga O'Brien, babu mai horarwar da ya taɓa kai haka, ta huɗu kuma ga Moore. Lester Piggott ya ci tara, har yanzu babu mahayin da ya kamo shi. Sarauniya Elizabeth, wadda ta shafe rayuwarta tana kiwon dawakai, ba ta taɓa shigar da nata cikin da'irar nan a tseren Derby ba: Aureole ya zo na biyu a 1953, kwana huɗu bayan naɗinta, Carlton House na uku a 2011. Larabawa da Aga Khan, shugaban mabiya Isma'iliyya, sun sha shiga. Shergar na Aga Khan ya ci da tazarar tsawon doki goma a 1981, aka sace shi a Ailan a 1983, ba a sake ganinsa ba. Bargar Godolphin ta Sheikh Mohammed na Dubai ta ci a 2018 da 2021. Shi kansa Sir Charles Bunbury, wanda ake cewa ya faɗi a jefa kwabon da aka yi don zaɓen sunan tseren, aka sa na abokinsa Lord Derby, dokinsa Diomed ne ya ci na farko.

A hanyar komawa tasha na ga an kamo Voyage lafiya, hankalina ya kwanta, domin ƙafafun nan sirara ba kullum suke kai labari ba. Anthony Van Dyck, wanda ya ci a 2019, karaya ya yi a tseren Kofin Melbourne a shekara ta gaba, dole aka kashe shi. An taƙaita bulala zuwa shida a irin wannan tsere, akwai likitocin dabbobi da ke bin dawakan a mota, duk da haka haɗarin yana nan, kuma mai son doki bai kamata ya kau da kai daga gare shi ba. Mun yi la'asar a gefen hanya, muka bi dogon layin shiga jirgi.

Na ci gaba da bibiyar City of Troy. Ya ci a Sandown a Yuli, ya ci a York a Agusta, aka kai shi Amurka a Nuwamba aka gwada shi a kan turɓaya maimakon ciyawa, ya zo na takwas. Daga nan aka sauke masa sirdi yana ɗan shekara uku, aka mayar da shi gonar Coolmore a Ailan don barbara. Kyautar Derby ta 2024 gaba ɗaya fam miliyan 1.5 ce, amma a barbarar nan kuɗin gaske yake, domin masu goɗiyoyi daga ko'ina biya suke yi a kawo musu jininsa. 'Ya'yansa na farko za su kai shekarun shiga Derby a 2029. A 2025 kuwa O'Brien ya ƙara ta goma sha ɗaya da wani doki mai suna Lambourn, ɗan Australia da ya ci a 2014, jikan Galileo da ya ci a 2001.